Za mu ja ɗaki daga Sidni zuwa Byron Bay da Hajiya, wa ya taɓa bin hanyar nan?

Maman Biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ya aiki, ya iyali?

Shawara nake nema. Shekarata shida a Ostireliya, aikin jinya nake yi, muna zaune a unguwar Auburn ta Sidni da maigida da tagwayenmu 'yan shekara bakwai. In ban da Blue Mountains da muka leƙa sau ɗaya, ban san ko'ina a ƙasar nan ba sai hanyar asibiti da ta kasuwa. Yanzu mahaifiyata ta zo daga Zariya, wata uku za ta yi mana, kuma tun da ta sauka maganarta ɗaya ce, teku take son gani. Mun kai ta bakin ruwan cikin gari, wajen ginin nan mai rufi kamar an jera faifai a tsaye, ta ce wannan ai kududdufin masu kuɗi ne, ita tekun ƙauye take so, inda masunta suke.

Wata Baturiya abokiyar aikina ta ce mu yi hayar ɗakin nan da ake ɗaurawa a bayan mota, wanda suke kira karaban, mu bi gaɓar arewa har Byron Bay. Maigida ya ce wannan shi ne tafi-da-gidanka na gaskiya, na waya aron suna ya yi. Ya ɗauki abin da zafi, amma bai taɓa jan ko amalanke ba.

Kwana goma muke da shi, a hutun makaranta na ƙarshen Satumba. Motarmu Kluger ce, wadda a gida ake kira Highlander. Za ta iya? Ina ya kamata mu kwana? Yaya ake yi da nama da salla da bayan gida? Yaran kuma an cika musu kunne a makaranta da labarin wata ƙatuwar ayaba da ƙaton jatan lande a bakin titi, sun ce ba za su dawo ba sai sun gani. Ita kuwa Hajiya har ta gama shirinta, ta ce ƙafarta ba ta son naɗewa, don haka a gadon cikin ɗakin za ta kwanta da carbinta mu yi ta janta.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam 'yata. A gaida Hajiya, a yi mata sannu da hanya.

Ni a Newcastle nake, bas nake tuƙawa. Kafin in zo nan shekara goma sha ɗaya na yi ina jan tirela tsakanin Funtuwa da Apapa. Hanyar da kike magana sau uku na bi ta da ɗakin ja, don haka ki gyara zama.

Bari in fara da abin da zai ɓata wa Hajiya rai. Ba mai zama cikin ɗakin nan muddin taya na juyawa. Doka ta hana, kuma ko ba doka ba zan bar uwata a ciki ba. Ku yi tafiyar awa biyu ku buɗe ƙofa ku ga inda cokula da tukwane suka koma, za ta haƙura da kanta. A ba ta kujerar gaba, a tura ta baya, a riƙa tsayawa duk awa biyu tana miƙe ƙafa.

Motarku za ta iya, amma kada a kai ta bango. A takarda tan biyu take ja, sai dai wannan lissafin ya haɗa da duk abin da kuka zuba a ɗakin, kuma ruwa kaɗai kowace lita kilo ɗaya ce. Ku nemi ƙarami wanda ko an cika shi da kaya zai bar muku rata mai kyau. Duk abin ja da ya wuce kilo 750 dole yana da nasa burkin, yawanci na lantarki, kuma akwai 'yar na'urar da ke haɗa shi da burkin motarku. Ku tambayi mai hayar tun kafin ku biya ko zai ba ku ita, da madubin gefe mai dogon hannu. Ki leƙa bayan motar ma ki gani ko akwai ƙugiyar ja, don na san wanda ya je ɗauko ɗaki da murna aka ce masa ina za a ɗaura.

Yanzu ga abin kunyata. Tafiyata ta farko ina taƙama na gama da tirela, me ƙaramin ɗaki zai yi mini. Na ɗauki buhun shinkafa da jarkoki biyu na ruwa da akwatin uwargida na cusa su can ƙarshen baya ƙarƙashin gado, don nan ne da fili. Mun wuce Bulahdelah, a wata gangara, babbar mota mai bodi biyu ta zo ta shige mu, iskarta ta bugi ɗakin, sai wutsiya ta fara kaɗawa, dama, hagu, dama, kowane kaɗi ya fi na baya. Uwargida ta kama salati. Abin da ya cece mu bayan ikon Allah shi ne ban taka burkin mota ba. Na ɗaga ƙafa daga totur, na riƙe sitiyari a miƙe, na danna burkin ɗakin da hannu, ya ja kansa ya daidaita. Da muka tsaya gwiwata rawa take. Tirela nauyinta yana zaune ne a kan gadon mota, shi wannan a kan ƙwallo ɗaya yake lilo a bayanka, ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba. Kaya masu nauyi a ƙasa, a kan tayoyin ɗakin, kuma kamar kashi ɗaya cikin goma na nauyin ya danna ƙugiya. Titin ya yarda da gudun kilomita 110, ni 90 nake yi a layin hagu, mai sauri ya wuce.

Sai ribas. Ki gaya wa maigida ya ɗauko ɗakin kwana ɗaya kafin tafiya, ya nemi filin ajiye motoci da ba kowa ya yi ta gwaji. Ya sa hannu a ƙasan sitiyari, inda hannun ya nufa nan bayan ɗakin zai nufa. Ke kuma in kina nuna masa, ki tsaya inda zai gan ki a madubi, kuma ku yanke tun a gida me hagu take nufi. A sansanonin da ake kafa ɗakunan ja, tsofaffin Turawa 'yan fansho sukan fito da kujerunsu da la'asar da kofi a hannu, ba abin da suke jira sai sabon shiga ya zo yin ribas. Suna da kirki, ɗaya zai taso ya taimaka, amma sai sun gama kallo. In za ki kama wuri ta waya, ki ce wanda ake shiga ta gaba a fita ta gaba kike so.

To ga hanyar. A 2020 aka gama mayar da babban titin tagwaye, kuma kusan duk ƙananan garuruwan an zagaye su. In kuka miƙe a kansa, cikin awa takwas ko tara kuna Ballina ba ku ga komai ba sai itatuwa da siminti, tekun ma sai jefi-jefi. Abin da Hajiya take nema yana ƙarshen 'yan hanyoyin da ke ɓallewa dama, kilomita goma, ashirin, har su ƙare a bakin ruwa. Saboda haka kada ku yi kwana ɗaya-ɗaya. Kwancewa da ɗaurawa kullum, ga fita ƙarfe goma na safe, aikin gajiya ne kawai. Wuri huɗu, kwana bibbiyu, sauran kwana biyun na dawowa.

Zangon farko Anna Bay, gaba da mu kaɗan. Akwai tuddan rairayi da suka miƙe kilomita 32 a gefen teku, ƙasar mutanen Worimi ce, har da raƙuman haya a bakin ruwan. Ranar da na fara gani na tsaya ina dubawa, gabana kamar arewacin Damagaram, bayana kuma ruwa ba iyaka.

A hanya akwai ƙatuwar kawa, mutum-mutumin wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, a Taree, a saman wani wurin sayar da motoci, tagoginta kamar haƙora. 'Yan garin da kansu babban kuskure suke ce mata. Ku nuna wa yara ta taga, ba sai an kashe mota ba. Port Macquarie kuwa ku tsaya wuni. Akwai asibitin kowala, wata 'yar dabba mai zama a kan bishiya, tun 1973 aka kafa shi, inda ake jinyar waɗanda mota ta buge ko gobarar daji ta ƙona, ke da kike ma'aikaciyar jinya za ki ga abokan aiki. Duwatsun da aka jera a bakin kogin kuma kowa ya zo sai ya yi wa ɗaya fenti ya rubuta sunan iyalinsa ko na wanda ya rasu.

Amma in da wuri ɗaya za a ce in zaɓa, South West Rocks ne. Ƙaramin gari ne a bakin kogin Macleay, kuma a gefensa akwai kangon kurkukun Trial Bay da aka buɗe a 1886. Fursunoni aka kawo su gina shingen dutse cikin teku don jirage su samu mafaka, suna ginawa ruwa yana rushewa, shekara da shekaru, har gwamnati ta gaji ta bari. Lokacin yaƙin duniya na farko aka sake buɗe shi aka tsare Jamusawa a ciki. Yau rufi babu, sai katangun dutse, kuma a gindinsu ake kafa ɗakunan ja. Da asuba kangaru na kiwo a ƙofar ɗakinki kamar awakin maƙwabta. Ki hana yara matsa musu, namijin ƙafarsa ba wasa.

Ga abin da ya sa nake son wurin. Kin san a nan alƙibla yamma take, da ɗan karkata arewa, mu kuwa tun muna yara gabas muka sani. A gida kin saba da kusurwar ɗakinki, amma a baƙon wuri jiki sai ya koma wa abin da ya sani. Asubar farko a wani sansani na shimfiɗa darduma na fuskanci inda gari ke wayewa, na yi raka'a biyu cikin natsuwa, na sallame, sai ƙaramin ɗana ya ce Baba ai Amurka ka kalla. A duk gaɓar nan teku yana gabas, kana salla ka ba shi baya. A Trial Bay kuwa gaɓar ta lanƙwaso ta dubi yamma, rana a kan ruwa take faɗuwa, in ka ta da magariba ruwan yana gabanka. Ki kai Hajiya can ki ba ta kujera ki ƙyale ta.

Ayabar tana Coffs Harbour, kilomita ɗari biyar da 'yan kai daga Sidni, a bakin titi, ba za ku rasa ta ba. Wani mai gonar ayaba ne ya sa aka gina ta a 1964 don motoci su riƙa tsayawa a rumfarsa, tsawonta mita 13, ana shiga ta ciki a fita. Dabararsa ta ci, don daga baya gari-gari kowa ya tashi gina ƙaton abinsa. Gaskiyata ita ce minti goma sha biyar ta isa, a yi hoto a tafi. Wuraren wasan da ke bayanta aljihu suke ci, ki shirya amsar da za ki ba tagwaye tun daga nesa. Ni abin da ya fi burge ni yana gaba kaɗan, a Woolgoolga. Kana tafe sai ka hango farin gini mai ƙubba a kan tudu ka ɗauka masallaci ne. Wurin ibadar Sik ne, 'yan asalin Punjab masu rawani, da suka zo aikin gonar ayaba suka zama masu gonakin. A garin aka buɗe wurin ibadarsu na farko a ƙasar nan a 1968. In kun gaji da kifi, a can za ku samu abincin wake da ganye mai yaji da ba sai kin yi tambaya a kansa ba.

Daga nan sai ƙasar rake, a bakin kogin Clarence. Masana'antar sukari ta Harwood tun 1874 take aiki. Maclean gari ne da jikokin mutanen Sikotilan suka yi wa turakun lantarki fenti da zanen tufafin danginsu, kowace turka da sunan gida. Ku kwana a Yamba, ku sayi jatan lande na gaske daga hannun masunta. Na siminti kuma yana Ballina. A 1989 aka gina shi, ya tsufa har aka ba da izinin rushe shi, mutanen gari suka ce ba su yarda ba, sai kantin kayan gini na Bunnings ya gyara shi ya ƙara masa wutsiya, a 2013 aka tsayar da shi a ƙofar kantin. Byron Bay kuwa kada ku shiga da ɗaki. Cunkoso, tsada, kuma kwana a mota a bakin titi tara ce. Ku bar shi a Ballina ku je da mota zalla, ku hau wajen hasumiyar fitilar 1901, nan ne ƙarshen gabashin ƙasar, ku juyo.

Abu na ƙarshe, kada magariba ko asuba ta same ku a kan hanya. Lokacin kangaru ke tsallaka titi, kuma mai ja ba ya kauce wa dabba.

'Yar Katsina a Gold Coast

Kawu ya gama magana a kan mota, bari in shiga inda maza ba sa shiga.

Maman Biyu, tun yau ki kama wuri. Hutun makaranta ne, ga hutun Litinin ɗin farko ta Oktoba, lokacin ma makin hukunci da ake ɗora wa lasin direba a kan wasu laifukan tuƙi ninki biyu ne. Nama ki saya a Auburn ki yanka ki daskarar, firjin ɗakin ƙarami ne, na kwana huɗu zai ɗauka, sauran kwanakin kifi da ƙwai. Ki soya wani ki yi dambu, ba ya neman sanyi. In kin sayi soyayyen kifi a shago ki tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar.

Bayan gida: akwai ɗan masai a ɗakin, amma akwati ne da ake zarowa a kai ramin zubarwa, kuma wani ne zai ɗauka. Mu dokarmu ita ce na dare ne kawai, na tsofaffi, kowa ya tafi na sansani. Buta biyu, kada ki manta, babu famfon tsarki a ko'ina. Wayar wutar ɗakin ma bakinta ya fi na gida faɗi, ba ta shiga soket ɗin gida, kada maigida ya ce zai goge ta da magagari.

Tekun nan kuma ba kogin Kubanni ba ne. Yara su shiga tsakanin tutoci masu ja da rawaya kawai. Inda kika ga ruwa ya yi lumui ba kumfa, nan ne yake ja ciki. Hajiya ta tsaya iya idon sawu, zani in ya jiƙe nauyi yake. Amma kun dace da lokaci, manyan kifayen nan na wel suna komawa kudu da 'ya'yansu a watannin nan, daga kan tudu ake hango su.

Salla ku yi ƙasaru, tafiyar ta wuce kilomita tamanin nesa ba kusa ba, kuma ba inda za ku yi niyyar kwana huɗu. Ki lura da Lahadin farko ta Oktoba, agogon jiharku zai ƙara awa ɗaya, lokutan salla za su canza a waya. Mu nan Queensland ba ma taɓa namu.

Ɗan Agadas

Wallahi da na ga kan maganar an ce karaban na ɗauka ayari za ku yi, har na fara lissafin raƙuma nawa Hajiya za ta buƙata. Mu a wajenmu in an faɗi kalmar nan da Faransanci, masu zuwa Bilma ɗauko gishiri ake nufi. Ashe ɗaki ne da firji. Allah ya kai ku lafiya. Amma Kawu, raƙuma a bakin teku? Wa ya kai su?

Tsohon Direba

Ɗan Agadas, Musulmi ne suka kai su. Tun wajen 1860 Turawa suka riƙa kawo raƙuma da masu kora su daga ƙasar Afghanistan da yankin da yake Pakistan a yau, su suka yi dakon kaya cikin hamadar ƙasar nan kafin jirgin ƙasa. Masallatan farko a Ostireliya su suka gina, na Broken Hill yana nan har yanzu. Da mota ta zo aka saki raƙuman a daji suka yi ta haihuwa. Na Anna Bay dai aikinsu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, sun yi ƙiba, kai da ka san na Azbin ba za ka gaishe su ba.

Maman Biyu

Kawu, Yaya 'Yar Katsina, mun dawo jiya, Allah ya saka da alheri.

Ba mu kai Byron ba, ko Ballina ba mu kai ba. A Yamba muka juyo, tagwaye har yanzu suna fushi a kan jatan landen, duk da sun shiga cikin ayaba sau huɗu. Laifin Kawu ne. Kwana biyu muka kama a South West Rocks, Hajiya ta ce ba inda za ta, sai da muka roƙi mai sansanin ya ƙara mana ɗaya, ya matsar da mu wani lungu kusa da wurin wanki. Ribas ɗin shiga lungun nan sau bakwai maigida ya yi, wani tsoho mai gajeren wando ya zo ya karɓi sitiyarin. Ban ce komai ba, har yau ban ce ba.

Ranar ta biyu da hantsi muna kan tudun bayan kurkukun sai ga wel ta ɓullo da ɗanta, ta fesa ruwa, ta ɗaga wutsiya ta nutse. Hajiya ta daɗe ba ta yi magana ba, can ta ce to yanzu ta gane yadda Annabi Yunusa ya samu wurin zama. Wata tsohuwa da ke ɗakin kusa da mu kuma ta manne mata, ba mai jin yaren wani, amma kullum da la'asar suna zaune tare, an ba ta dambu ta ci tana hawaye saboda yaji tana ƙara miƙo hannu.

Yanzu ga sabuwar matsala. Hajiya ta ciko gorar lita biyu da ruwan teku, ta ce tsarabar maƙwabtanta ce a Tudun Wada, kowa sai ya ɗanɗana ya ji gishirin da bakinsa. Na ce ba za a bar ta ta shiga jirgi da shi a hannu ba, ta ce a sa a akwati. Akwai wanda ya taɓa wucewa da irin wannan ta Doha har Kano ba a fasa masa kaya ba?